Baƙin Keke a Jar Hanya

Duk wanda ya saba bin hanyar Kaduna zuwa Zariya ya san Katabu, ko da bai taɓa tsayawa a cikinta ba. Idan mota ta baro Kawo ta wuce Rigachikun, ba a jima sai ga Mararrabar Jos, inda titin Pambeguwa da Saminaka ya ɓalle ya yi gabas. Tireloli da tankokin mai ne jere a gefen kwalta, direbobi sun shimfiɗa tabarma a inuwar motocinsu, masu shayi da masu tsire da 'yan talla kowa na harkar gabansa. Ƙarar hon da hayaƙin gas ba sa yankewa dare da rana. Matafiyi yakan ɗauka iyakar garin ke nan.

Amma da zai sauka daga kwalta, ya ratsa ta bayan shaguna, ya taka keke na minti goma sha biyar kacal, da ya tsinci kansa a wata duniya dabam. Rugugin tireloli yana ja da baya har ya ɓace. Abin da ya rage sai ƙarar taya a kan tsakuwa, da kukan kurciya, da jar hanya da ta miƙe tsakanin gonakin masara da dawa, nan ɗorawa, can kaɗanya, can gaba kurmin mangwaro da ke nuna akwai ƙauye. A wannan hanya ce da sanyin safiya ake haɗuwa da masu ita: dattijo a kan baƙin keke, fartanya ɗaure a ƙarfen tsakiya, buhun taki a kan kariya, saurayin Bafulatani da jarkokin madara biyu suna reto a gefen tayar baya, yaro ya goyo ƙanwarsa za su makaranta, mai itace ya labta kaya har ba a ganin bayansa. Babu wanda ya ɗauki abin da yake yi a matsayin wasa. Hanya ce ta kai shi gona ko kasuwa, keken kuwa shi ne abin hawan da aljihunsa ya iya.

Abin da waɗannan mutane ke yi kullum, a Amurka da Turai ya zama sabon fanni na wasannin motsa jiki, mai gasa da kyaututtuka da kekuna na musamman. Tseren keke ne a kan burji, nesa da kwalta. A shekarar 2006, a wani ƙaramin gari mai suna Emporia a jihar Kansas, mutum 34 suka taru suka yi tseren mil 200, wato kimanin kilomita 320, a kan hanyoyin tsakuwa da ke ratsa wuraren kiwon shanu. Wannan tsere, wanda yanzu ake kira Unbound Gravel, dubban mutane ne ke zuwa masa kowace shekara, har sai an yi ƙuri'a kafin mutum ya sami gurbi. A 2022 hukumar tseren kekuna ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko a wannan fanni a yankin Veneto na Italiya, Gianni Vermeersch na Beljiyam ya lashe ta maza, Pauline Ferrand-Prévot ta Faransa ta lashe ta mata.

Dalilin da ya kora su daji ba baƙo ba ne ga mutumin Katabu: tsoron mota. Titunan kwalta sun cika, direbobi na sauri, hankalin wasu na kan waya, mai keke kuwa ba shi da katangar da ta raba shi da ƙarfe. Sai masu keke suka waiwayi tsofaffin hanyoyin da mota ta raina. A Ingila sun sami turbobin bakin kanal, waɗanda aka yi tun ƙarni na 18 domin dawakan da ke jan kwale-kwalen gawayi da kaya. Jirgin ƙasa ya zo ya kashe wannan sana'a, amma turbobin sun wanzu, shimfiɗaɗɗu, babu hawa babu gangara, domin ruwan kanal a kwance yake. Hukumar Canal & River Trust, wadda ta karɓi ragamarsu a 2012, tana kula da hanyoyin ruwa na kimanin mil 2,000 a Ingila da Wales, kuma ƙa'idarta ita ce mai keke ya rage gudu ya ba mai tafiya a ƙasa hanya.

Afirka ma ta shiga. A 2021 aka fara Migration Gravel Race a yankin Masai Mara na Kenya, tseren kwana huɗu na kusan kilomita 650 a cikin jar ƙasa da duwatsu, inda matasan Kenya da Uganda da Ruwanda suka kara da ƙwararrun Turai a irin hanyar da suka tashi a kanta. Ɗaya daga cikin jagororin tafiyar, Sule Kangangi, ya rasu a wani tsere a jihar Vermont ta Amurka a watan Agusta 2022, amma ƙungiyar da ya jagoranta, Team Amani, ta ci gaba.

Akwai wani abu da ya kamata mai faci na bakin kasuwa ya ji, domin shi zai fi kowa gane ma'anarsa. Keken tseren kwalta siririyar taya gare shi, faɗinta milimita 25 zuwa 30. Da masu ƙera kekuna suka zauna neman tayar da ta dace da burji, sai suka tsaya a kan milimita 38 zuwa 50: mai faɗin da ba za ta nutse cikin yashi ba, mai ɗaukar iskar da za ta shanye gargada. To, tayar baƙin keken nan na kaka da kakanni, wadda aka rubuta 28 x 1½ a gefenta, faɗinta kusan milimita 40 ne. Doguwar gangar jikinsa da manyan ƙafafunsa an yi su ne tun farko domin hanyar da ba ta san kwalta ba. Bambancin yana wajen nauyi da giya. Keken burji na zamani bai fi kilo tara ko goma ba, yana da giya iri-iri, da birki mai faifai da ke kamawa ko cikin taɓo, da kai mai lanƙwasa kamar ƙahon rago. Baƙin keke kuwa yakan kai kilo ashirin, giyarsa ɗaya tal, birkinsa na sandar ƙarfe ne da ke santsi idan ruwa ya taɓa shi. Sai dai yana ɗaukar buhun masara, abin da ɗan'uwansa na miliyoyin naira ba zai ko gwada ba.

Keke ya daɗe a ƙasar Hausa, ya kuma ga jiya ya ga yau. Na Raleigh, wanda a wancan zamani ake ƙerawa a birnin Nottingham na Ingila, shi ne ya yi sunan da har yau dattawa ke cewa Rali idan suna nufin keke mai aminci, kuma kasuwarsa ta yi ƙarfin da kamfanin ya kafa masana'anta a Kano. A zamanin En'e, keke na da lambarsa da ake biya wa kuɗi duk shekara. Malamin makaranta, malamin gona, malamin asibiti, ɗan kasuwar ƙauye, duk da shi aka san su. Manomin da ya sayar da auduga ko gyaɗa ya sayi sabon Rali, ya naɗe masa jiki da leda mai launi, ya sa madubi biyu da ƙararrawa da fitila, to ranar kasuwa shi ne abin kallo. Yaran da iyayensu ba su da shi sun koya ne a wajen masu hayar keke, a biya sulai a yi zagaye, ƙafa ba ta kai feda daga kan sirdi, sai a zura ta ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya a tuƙa a karkace. Mutane da yawa da yau ke da furfura suna ɗauke da tabon wannan makaranta a gwiwa. Daga baya Phoenix na Sin da Hero da Avon na Indiya suka cika kasuwa da sauƙin kuɗi.

Sai babur ya zo. Da baburan Sin masu araha suka kwararo a farkon shekarun 2000, Bajaj na Indiya ya biyo baya, darajar keke ta faɗi warwas. Ya koma abin hawan yara, da tsofaffi, da wanda bai samu ba. Saurayi ya gwammace ya hau acaɓa da bashi da a gan shi a kan keke a ƙofar gidan su budurwa. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma hawan keke, har ya riƙa zuwa taron majalisar zartarwa a kansa. Da wata motar bas ta ture shi cikin kwata a Abuja, dariya aka yi maimakon a tambayi abin da ya sa titin babban birnin ƙasa ba shi da gurbin mai keke. Maganarsa gaskiya ce, kunnen saurarenta ne babu.

Wahala ce ta dawo da keke, ba wa'azin minista ba. Maiduguri ta riga kowa: tun da aka hana hawan babur a can a watan Yuli 2011 saboda rikicin Boko Haram, keke ya zama abin hawan ma'aikaci da ɗalibi da ɗan kasuwa. A jihar Kaduna, ƙarshen watan Satumba 2021 gwamnati ta haramta hawan babur, na haya da na gida, na tsawon wata uku a matakin farko, ta kuma sa aka katse layukan waya a wasu yankuna domin yaƙi da 'yan bindiga. Mutanen ƙauyen da babur ne ƙafarsu suka wayi gari babu abin hawa sai wanda ke jingine a bayan rumbu. Sannan ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta zarce 1,000. Daga nan aka shiga kakkaɓe tsofaffin kekuna, a sa sabuwar sarƙa, a canja boris, a nemo abin da ya ɓace a kasuwar Panteka. Kekuna masu giya 'yan Beljiyam, waɗanda aka gama hawa a Turai da Asiya, su ma suka sami masu so a cikin matasa.

Ƙasar da ke kewaye da Katabu kamar domin keke aka shimfiɗa ta. Tudu ne mai faɗi, kimanin mita 600 bisa teku, yana hawa yana sauka a hankali, ba ya tsinka numfashi kamar hawan Filato, ba kuma rairayi ne zalla ba irin na arewacin Katsina ko Maraɗi, inda taya ke nutsewa sai an sauka an tura. Marmara ce a ƙarƙashi, ita ce ke ba hanya jan launinta da taurinta. Hanyoyin kuma iri-iri ne. Akwai burjin da gireda ta taɓa bi, wasu tun zamanin hukumar DFRRI da gwamnatin Babangida ta kafa a 1986, wasu daga aikin hanyoyin karkara na RAMP da Bankin Duniya ya fara gwadawa a jihar Kaduna. Akwai hanyar amalanke mai sawu biyu da ciyawa a tsakiya. Akwai burtali, wanda shanu suka tattake. Akwai kuma siririyar turbar ƙafa da ke bin iyakar gona da gona, faɗinta bai wuce taku ɗaya ba, santsi kamar daɓe saboda shekarun da tafin ƙafa da taya suka yi suna goge ta. Mai keken da ya san gari wannan yake bi, domin ta fi burji laushi, kuma babu motar da za ta bule shi da ƙura.

Hanya ɗaya ce, amma fuska huɗu gare ta a shekara. Da damina, daga Mayu zuwa farkon Oktoba, musamman a Agusta, jar ƙasa kan zama laka mai danƙo da ke cushewa tsakanin taya da madigadi har ƙafar keke ta ƙi juyawa, sai an nemi tsinke an sosa. Rafin da aka tsallake da safe ruwa iya idon sawu, da la'asar yana iya kai wa ƙugu, a saɓa keke a kafaɗa ko a haƙura a jira ya janye. Inda kwalbati ya karye kuwa, ƙauye guda kan yanke daga duniya na kwanaki, kuma sau da yawa keke ne kaɗai abin hawan da ake iya ɗagawa a ƙetarar. Da kaka, daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba, ita ce hanya a kan ganiyarta: ƙasa ta tsane ta yi tauri, ƙura ba ta tashi ba tukuna, dawa ta sunkuyar da kai a dama da hagu, ƙamshin sabuwar shinkafa na tasowa daga fadama. Wanda ke son ya san daɗin keke a burji, a wannan wata biyun ya kamata ya fito. Hunturu na zuwa da sanyin asuba mai tsaga leɓe da hazon da ke ɓoye duwatsu, yashi kuma ya fara taruwa a kwarurruka. Bazara kuwa, Maris da Afrilu, ba ta da sassauci. Wanda bai kama hanya bayan sallar asuba ya dawo kafin hantsi ya ɗaga ba, zai sha wuya, kuma ko gora nawa ya ɗauko ba za ta yi yawa ba.

Daga Mararrabar Jos, idan aka yi gabas, ana kaiwa dam ɗin Kangimi, wanda aka gina a shekarun 1970 domin ya riƙa ƙara wa Kogin Kaduna ruwa da rani, birnin Kaduna ya sami na sha, manoman rani su sami na ban-ruwa. Tafki ne mai faɗi, masunta na jefa koma daga kwale-kwale, shanu na gangarowa sha da rana tsaka, a gefe kuma ga fadamun tumatir da tattasai da albasa da rake. Turbobin da masu lambu suka fitar a bakin ruwa su ne mafi kusa da abin da Baturen Ingila ke samu a bakin kanal ɗinsa: ƙasa a kwance, iska mai sanyi, balbela da shamuwa a lokacinsu. Can gaba kuma akwai Turunku, hedikwatar ƙaramar hukumar Igabi, garin da tarihin Zazzau ya danganta da Bakwa Turunku, wanda a gidansa aka haifi Sarauniya Amina da ƙanwarta Zariya, kafin a mayar da gadon sarauta inda yake yanzu a ƙarni na 16. Duwatsun Turunku da kufan tsohon gari suna nan. Ɗaliban Kaduna da yawa sun haddace sunan domin jarrabawa, ba su san cewa wuri ne da ƙafar mai keke ke iya kaiwa ba.

Kanal na sosai kuwa, sai an ƙara gaba, an wuce Zariya an nufi Kano. Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, shi ke shayar da aikin noman rani na Kadawa, ruwa na gangarowa da kansa ba tare da inji ba, daga babban kanal zuwa ƙanana, ya ratsa Bunkure da Garun Malam da Kura. An yi hanyoyi a gefen kanal-kanal ɗin domin ma'aikatan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are su riƙa duba ƙofofin ruwa, manoma kuma su fitar da amfani. A watan Janairu, lokacin da ko'ina ya bushe ya yi fari, mai keke a wannan hanya yana tafe ne tsakanin ruwa a hannu ɗaya da koren alkama da tumatir a ɗaya hannun, kilomita bayan kilomita. Dubban manoma da 'yan ƙwadago na bin ta a kan keke kullum. Akwai ma wata tsohuwar hanya da ta kwanta tana jira: layin ƙaramin jirgin ƙasa da ya tashi daga Zariya ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama ya hau Jos da Bukuru domin kwasar kuza, wanda aka rufe a 1957. A ƙasashe da dama irin wannan matattun layuka ne aka gyara suka zama hanyoyin keke.

Babban abokin gabar mai keke a duk waɗannan wurare ƙanƙane ne: ƙaya. Tsidau na kwance a gefen turba da ƙahonninsa a sama, ga ƙayar bagaruwa da ta farar ƙaya da makiyaya ke sarowa awaki su bar reshen a hanya. Turawa sun magance wannan da tayar da ba ta da tib, wadda ake ɗura wa wani ruwa mai kauri da ke toshe huda da kansa. A nan maganin shi ne mai faci. Kusan kowane ƙauye mai kasuwa yana da nasa a gindin bishiya, da kwanon ruwa na neman inda iska ke fita, da sholisho, da guntun tsohon tib, da famfo. Yana gyara ƙafar da ta karkace da ido da yatsa, yana ɗaure fedar da ta kwance da abin da ya samu, yana sa tsohuwar taya a cikin sabuwa ta zama sulke. Waɗannan mutane su ne suka riƙe keke da rai shekarun da kowa ya juya masa baya, kuma duk wani shiri na farfaɗo da shi da bai fara da su ba, ya bar gini tun ran zane. Matsalarsu ɗaya da kekunan zamani ita ce kayan gyara: birki mai faifai da giya goma sha ɗaya ba a samun nasu a kasuwar ƙauye. Saurayin da ke shirin yin nisa gara ya hau abin da mai faci ya sani.

Sai maganar da ba a iya tsallakewa. Shirun da ke sa hanyar daji daɗi, shi ne kuma ya sa ta zama abin tsoro a shekarun nan. Ƙaramar hukumar Igabi ta ɗanɗana. A farkon Maris 2020 'yan bindiga sun kashe kimanin mutum 50 a Kerawa da ƙauyukan kusa. A Maris 2021 an kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji da ke Afaka, a Agustan shekarar aka kai hari makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam bisa kuskure a kan masu Mauludi a Tudun Biri, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ƙidaya gawa 85. Mafi yawan wannan masifa ta faɗa ne a ɓangaren yamma, wajen dazuzzukan da suka haɗe da Giwa da Birnin Gwari, amma tsoro ba ya tsayawa a iyakar gunduma. Akwai manoman da suka bar gonakinsu na nesa, akwai turbobin da ciyawa ta haɗiye saboda ƙafa ta daina bi. Wanda ke rubutu a kan daɗin yawon keke a karkarar Kaduna, ya ɓoye wannan, ya ci amanar mai karatu, ya kuma ci amanar mutanen da ba don nishaɗi suke bin hanyar ba.

Saboda haka ɗan birnin da sha'awa ta kama, akwai ladabin da ya wajaba a kansa. Ba a shiga daji da ka. Ana tambayar mutanen gari halin da hanya ke ciki a wannan makon, ba na bara ba, a tafi cikin ayari, a tafi da ɗan gari, a fita da safe a dawo da rana a sama. Idan ayarin na da yawa, a fara gaida mai unguwa ko dagaci a faɗi abin da ya kawo mutum, domin a yanayin da ake ciki baƙin fuskoki goma da hulunan kwano da baƙin tabarau na iya tayar da hankalin ƙauye guda. Ba a wuce dattijo a gona ba tare da an rage gudu an ce masa, Baba, sannu da aiki, ba. Idan an haɗu da garke a burtali, shanu ke da hanya. A sauka a tsaya gefe, a gaisa da makiyayi. Mata masu ɗauke da itace ko ƙwaryar nono ba a firgita su da ƙararrawa daga baya. Ba a taka shuka domin kauce wa taɓo, ba a ɗaukar hoton kowa sai da izininsa, ledar ruwa kuma a mayar da ita aljihu. Hanyar nan ba filin wasa ba ce da aka gina wa baƙo. Jijiyar abincin wasu ce, aron ta aka yi.

Ta fuskar wasa, abin takaicin shi ne yawan baiwar da ke tafiya a banza. Biniam Girmay na Eritiriya ya ci matakai uku da koriyar riga a Tour de France na 2024, abin da ɗan Afirka baƙar fata bai taɓa yi ba, kuma ya fito ne daga ƙasar da keke ke cikin rayuwar yau da kullum. Burkina Faso na gudanar da Tour du Faso tun 1987, a Wagadugu kuwa mata da maza da yawa a kan keke suke. Najeriya sai a 2024 ta fara tura mai tseren keke gasar Olamfik, Ese Ukpeseraye, wadda a Paris sai da tawagar Jamus ta ara mata keken da ta shiga tseren cikin fili da shi. Akwai zagayen tseren keke a babban filin wasa na Abuja tun wasannin Afirka na 2003, amma yaron Gadan Gayan ko Zangon Aya ba zai taɓa ganin cikinsa ba. Tseren kwalta na buƙatar a rufe titi, a sami 'yan sanda da motocin rakiya. Tseren burji ba ya buƙatar komai daga wannan: zagayen kilomita ashirin a hanyar da jama'a suka aminta da ita, yardar hakimi, 'yan sa-kai a mararraba, mai faci a wurin tashi, rukuni guda na masu giya, rukuni guda na baƙin keke, rukuni na 'yan makaranta. Ƙaramar hukuma ko ƙungiyar matasa na iya shirya shi bayan girbi da kuɗin da bai kai na gasar ƙwallon unguwa ba. Yaron da ke taka keke mai kilo ashirin da jarka huɗu na ruwa a kan yashi tun yana ɗan shekara goma sha biyu, ƙafarsa ta riga ta yi karatun da wasu ke biyan kuɗi su yi.

Kafin a kai ga gasa ma, akwai buƙatar da ta fi gaggawa, kuma a Katabu ake ganinta ƙuru-ƙuru. Duk wata jar hanya a yankin, komai nisanta, a ƙarshe kan babban titi take fitowa. An sake gina tagwayen hanyar Kaduna zuwa Zariya, kwalta ta yi sumul, motoci sun ƙara gudu, amma ba a ware wa mai keke ko taku ɗaya ba, kafaɗar titin kuma tireloli sun mamaye ta. Da magariba, lokacin da masu gona ke dawowa, za a ga dattijon nan na safe ya iso bakin kwalta, yanzu da damin harawa a kan kariya. Keken ba fitila, ba abin da ke ƙyalli a bayansa. Yakan sauka, ya riƙe kan keken da hannu biyu, ya tsaya tsakanin tankoki biyu yana leƙen hagu da dama. Ya yi tafiyar kilomita goma cikin daji lafiya lau. Wannan mita talatin ɗin da ta rage tsakaninsa da gida ita ce yakan daɗe yana jira kafin ya tura.